Nazarin Lamari: Reshen Odd Fellows da Ya Tashi Daga Mutum Ƙasa da 30 Zuwa Fiye da 300

Wannan nazari ya shafi reshe guda na ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Odd Fellows, a wani ƙaramin garin jami'a da ke arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, gari mai mutum kimanin dubu 65. An kafa reshen a 1870. A 2004 mambobinsa ba su kai 30 ba, masu zuwa taro kuwa da ƙyar suke cika goma sha biyu. Kafin shekarun 2010 su ƙare sun haura 300, reshen ya shiga sahun mafiya yawan jama'a a ƙasar baki ɗaya. A daidai wannan tsakani, rassa da dama a jihar suka mayar da takardar izininsu suka kulle ƙofa. Dokar ƙungiya ɗaya ce gare su duka, littafin taro ɗaya, kuɗin shekara kusan ɗaya.

Asalin ƙungiyar, 1819 zuwa 1870

Daga Ingila ƙungiyar ta taso, cikin leburori da masu sana'ar hannu. Wanda ya dasa ta a Amurka wani maƙeri ne ɗan Landan mai suna Thomas Wildey, shi da mutum huɗu, a birnin Baltimore ranar 26 ga Afrilu, 1819. A farkon shekarun 1840 ta raba gari da uwar ƙungiyar da ke Manchester ta tsaya da ƙafarta. Ta iso Kalifoniya a 1849 tare da masu tururuwar haƙar zinariya, aka buɗe reshen farko a San Faransisko cikin watan Satumba na wannan shekara. Tambarinta sarƙa ce mai zobe uku, abota da ƙauna da gaskiya. Umarnin da ake karanta wa kowane mamba huɗu ne: a ziyarci mara lafiya, a agaza wa wanda ke cikin ƙunci, a binne mamaci, a ilimantar da maraya.

Waɗannan huɗun aiki ne da ake biyan kuɗinsa. Mutum ya baro garinsu ya zo haƙar zinariya ko aikin layin dogo, ba dangi, ba gwamnatin da za ta dube shi in ya karye. Sai ya shiga reshe, yana zuba ɗan kuɗi a kai a kai. In ciwo ya kwantar da shi, reshe na ba shi wani abu duk mako, ana kuma sa 'yan'uwa kwana a kansa bi da bi. In ya mutu, reshe ke sayen akwati, a binne shi a maƙabartar ƙungiya, a tallafa wa matarsa da 'ya'yansa. Kusan kamar adashi ne, sai dai wanda masifa ta faɗa wa shi ke kwasa. Har yau a tsofaffin garuruwan Kalifoniya ana ganin zoben nan uku a kan duwatsun kaburbura.

Mai karatu zai iya jin ana maganar kalmar sirri ya ce ai ƙungiyar asiri ce. Akwai abin da suke ɓoyewa: kalmar shiga, wasu alamun hannu, da yadda ake bikin karɓar sabon mamba. Amma sunan reshe a rubuce yake ɓaro-ɓaro a goshin gini, kuma kalmar sirrin tana da aikin da take yi a wancan zamani. Ana sauya ta lokaci lokaci, wanda ya biya kuɗinsa kaɗai ake faɗa wa, saboda baƙon da ya sauka a wani gari ya nemi taimako a iya tantance ko ɗan ƙungiya ne ko ɗan damfara. Ɗaya daga sharuɗɗan shiga shi ne imani da Mahalicci, ba a tambayar mutum addininsa. Cocin Katolika dai ta hana mabiyanta shiga a 1894. Hukuncin addini a kan irin waɗannan ƙungiyoyi magana ce ta daban, abin da ke gabanmu a nan shi ne yadda ƙungiya ke tsufa.

Reshen da muke magana a kansa an buɗe shi cikin watan Afrilu na 1870, lokacin garin bai wuce tashar jirgin ƙasa da gonakin alkama ba. Manoma da 'yan tireda ne suka kafa shi, kuma ya girmi hukumar garin kanta da kusan shekara hamsin.

Lokacin da buƙatar ta gushe, 1925 zuwa 1965

A farkon shekarun 1920 ƙungiyar ta kai ƙololuwa, maza kusan miliyan 2 a Arewacin Amurka, ban da matan da ke sashen Rebekah wanda aka ƙirƙiro a 1851. Akwai shekarun da ta fi Freemason, wata babbar ƙungiyar 'yan'uwantaka irinta, yawan jama'a. Kalifoniya kaɗai tana da mambobi sama da dubu 50 a ɗaruruwan rassa.

Tsagewar ta fara ne daga ciki. Mambobi na tsufa, kuɗin jinya na ƙaruwa, samari kuwa sun samu kamfanonin inshora da ke ba su tsari ba tare da zaman taro ba. A 1925 majalisar ƙolin ƙungiyar ta daina tilasta wa rassa biyan kuɗin jinya, ta bar wa kowane reshe zaɓi. Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo, dubbai suka kasa biyan kuɗin shekara aka soke sunayensu. A watan Agusta na 1935 shugaba Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ɗan Odd Fellows ne, ya sa hannu a dokar fansho da tallafin tsofaffi ta tarayya. Bayan yaƙin duniya na biyu masu ɗaukar ma'aikata suka riƙa haɗa wa ma'aikatansu inshorar lafiya, a 1965 kuma gwamnati ta ɗauki nauyin jinyar tsofaffi. Jana'iza ta koma hannun kamfanoni. Marayu suka koma hannun hukumomin jin daɗin jama'a.

Abu na biyu da reshe ke bayarwa, wato wurin hira da dare, shi ma ya samu kishiya. Talabijin ta shiga gidaje a shekarun 1950, mota ta sa mutane suka koma unguwannin bayan gari, nesa da zauren da ke tsakiyar kasuwa. Ba Odd Fellows kaɗai abin ya shafa ba. Freemason sun kai mutum miliyan 4 da ɗoriya a 1959, daga nan su ma suka kama gangara. Bambancin shi ne Odd Fellows sun riga su farawa da fiye da shekara talatin.

Abin da ya rage a hannun rassa shi ne gini, da littafin taro, da mutanen da suka shiga suna samari.

Magungunan da aka gwada, 1971 zuwa 2003

A 1971 aka cire sharaɗin cewa sai farar fata zai shiga. Gyara ne da ya wajaba, amma ya zo a makare ƙwarai. Baƙaƙen fatar Amurka sun kafa tasu ƙungiyar Odd Fellows ɗin tun 1843 da izini daga Ingila, saboda an rufe musu wannan ƙofar, kuma ba wanda ya yi layi don shiga wurin da aka kore kakansa. Lissafi bai motsa ba.

Maganin da aka fi sha shi ne haɗe rassa. In reshe ya kasa tara mutum biyar, wanda shi ne mafi ƙarancin adadin da doka ta yarda a buɗe taro da shi, sai a haɗe shi da na garin da ke kusa, a sayar da gininsa. A takarda reshen da ya karɓe su ya ƙaru. A zahiri dattijo mai shekara 75 ba zai tuƙa mota kilomita 40 da dare ba, don haka suna kawai ake samu. Garin da aka baro kuma shi ke nan, ƙungiya ta fita daga cikinsa. Yadda ake barin waɗannan gine-gine ma ya nuna irin gajiyar da aka yi. A 2001 wani ma'aikaci da ke gyara a tsohon zauren ƙungiyar a garin Warrenton na jihar Virginia ya ci karo da ƙwarangwal ɗin mutum a ɓoye, har 'yan sanda suka shigo. Ashe irin wanda ake nuna wa sabon mamba ne a bikin karɓa don tuna masa mutuwa. An samu irinsa a wurare da dama, na ƙarshen da suka san da shi sun mutu ba su faɗa wa kowa ba.

Akwai kuma dabarar aron mutane. Doka ta yarda ɗan wani reshe ya yi rajista ta biyu a wani, saboda haka mutum uku ko huɗu masu ƙwazo sukan riƙa zagaye suna cika wa rassa biyar ɗinsu. Wannan ya tsawaita ran rassa da yawa, bai ƙara wa ƙungiya ko mutum ɗaya ba.

Sai gangamin kowa ya kawo mutum ɗaya, wanda kusan kowane sabon shugaban jiha ke shelantawa ranar da ya hau. Matsalarsa a fili take. Mutum abokinsa yake kawowa, abokin ɗan saba'in kuwa ɗan saba'in ne. In an yi sa'a wani ya jawo jikansa ko maƙwabcinsa ɗan shekara talatin, ga abin da zai tarar a yawancin raunanan rassa. Zai hau matakala mai tsawo zuwa bene, domin ƙasan ginin shaguna ne da aka ba haya. A ƙofa mai gadi zai nemi kalmar shiga, ko da yake duk waɗanda ke ciki sun san juna shekara arba'in. Ɗakin an gina shi don mutum ɗari, kujeru jere a jikin bango, mutum shida ko bakwai a warwatse, kowa da abin wuya mai ado na muƙaminsa. Za a karanta buɗe taro daga littafi, a karanta bayanin taron da ya wuce, a ambaci wanda ke asibiti da wanda ya rasu, a yi muhawarar rabin sa'a a kan rufin da ke yoyo da kuɗin wuta, a karanta rufe taro. In baƙon ya yi ƙarfin hali ya kawo shawara, amsa biyu ce ke jiransa: haka muka tarar ana yi, ko kuma mun taɓa gwadawa bai yi ba. Ba kasafai yake dawowa karo na uku ba.

An rage shekarun shiga zuwa 16. An bar kuɗin shekara a ƙasa sosai, 'yan daloli goma-goma, don kada a kori kowa. Na ƙarshe kuma mafi girma, a 2001 aka buɗe wa mata ƙofar rassan maza. A wurare da yawa waɗanda suka fara shigowa matan mambobi ne da ke sashen Rebekah tun da, wato an kwashe suna daga wannan littafi an zuba a wancan. Jimillar jihar ta ci gaba da sauka shekara bayan shekara har ta faɗo ƙasa da dubu 5, rassa suka koma ɗari da 'yan kai.

Halin reshen a 2004

Reshen garin jami'ar bai kai ga rufewa ba, kuma dalilin ba yawan jama'a ba ne. Yana da zaurensa a tsakiyar gari, yana da kuɗin haya da ke shigowa, don haka ko mutum goma ne za su iya biyan haraji da wuta. Garin kuwa ya canza gaba ɗaya. Gonar gwajin da jami'ar jihar ta buɗe a farkon ƙarni na 20 ta zama cikakkiyar jami'a a 1959, gari ya cika da malamai da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati masu zuwa aiki babban birnin jihar da ke kusa. Mutane na wucewa ta gaban ginin kullum, akasarinsu ba su san me ake yi a ciki ba.

A 2004 wani mutum ya shiga. Lauya ne, ya taɓa zama magajin garin, ya yi wakilci a majalisar gunduma, kuma bai daɗe da zama alƙali ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Alƙali ba ya siyasar jam'iyya, don haka ga mutum da ya saba tara jama'a, ya san kowa a gari, kuma hannunsa ya zama babu aiki da yamma. Matarsa ma ta shiga. Ba a daɗe ba aka zaɓe shi shugaban reshe, ya kuma maimaita wa'adi.

Abin da aka sauya, 2005 zuwa 2010

Bai taɓa littafin taro ba, ba shi ma da ikon taɓawa. Ra'ayinsa shi ne reshe na buƙatar abu uku a lokaci guda: al'adun ƙungiya da tarihinta, jin daɗin zama tare a cikin gida, da aikin da mutanen gari za su gani da idonsu. A ganinsa raunanan rassa sun riƙe na farko sun saki biyun.

Matakin da ya fi tasiri shi ne na kwamitoci. Aka mayar da ƙa'ida cewa duk mamban da ya zo da shawara, in ya samu waɗanda za su yi da shi, an kafa kwamiti ke nan, shi ne shugaba, a ware masa ɗan kuɗi. Ba a tambayar shekara nawa ya yi a ƙungiya. Mai son yawon duwatsu ya kafa na yawon duwatsu, mai saƙa ta kafa na saƙa, masu kiɗa suka kafa nasu, wasu suka ɗauki sharar gefen titi, wasu suka ɗauki tallafa wa yaran da suka taso a hannun hukuma suka kai shekarun da ake sallamarsu ba su da kowa. Har da na masu ɗanɗana giya, a ƙungiyar da a ƙarshen ƙarni na 19 ta hana masu gidan giya zama mambobi. Ba duka suka rayu ba. Kwamitin da mai shi ya gaji ana barinsa ya mutu, ba a zaman makoki. Waɗanda suka rayu sun haura 50 daga baya.

Na biyu, aka buɗe ƙofa. Aka gyara zauren, aka sa na'urar hawa bene saboda tsofaffi da naƙasassu, aka fara ba da shi haya don biki da taro. Duk Disamba ana shirya wa yaran gari da iyayensu karin kumallo na Kirsimeti, ɗaruruwa ke zuwa. Sau ɗaya a wata ana wasan bingo, wasan cika lambobi a kati, ribar ranar a miƙa wa wata ƙungiyar agaji ta gari, kowane wata da wadda ake ba. Sau ɗaya a wata ana kiɗa kyauta, kowa ya shigo. Aka ƙirƙiro bikin shekara da gidajen abincin gari ke baje kolinsu. Kowane ɗaya daga waɗannan yana shigo da mutanen da ba su taɓa taka matakalar ba, kuma kowace ƙungiyar da ta karɓi cek tana da nata jama'ar da za su ji labari. Jaridar garin ta riƙa buga hotuna.

Na uku, aka sauya lokacin haɗuwa da yanayinsa. Ɗaya daga tarukan wata aka mayar da shi safiyar Asabar, a fara da karin kumallo, abin da ya ba masu aiki da masu yara damar zuwa. Aka ware wani dare a kowane mako wanda babu littafi babu abin wuya, abinci ne da kiɗa da gasar kacici-kacici, mamba ya zo da baƙonsa. Damar da dokar 2001 ta bayar a nan aka ci moriyarta sosai: miji da mata suke shiga tare, har maza da mata suka zo kusan daidai a yawa, mata suka riƙa shugabantar reshen.

Na huɗu ya saɓa wa abin da sauran rassa ke yi. Maimakon a sauƙaƙa shiga, sai aka tsaurara. Mai nema zai yi watanni a matsayin ɗan jira. A cikinsu sai ya halarci taruka na fili, ya karanta tarihin ƙungiya, ya bi mambobi ɗaya bayan ɗaya ya zauna da su ya yi musu tambayoyi a kan rayuwarsu da dalilin shigarsu. An yarda ya shiga kwamiti ya fara aiki tun kafin a karɓe shi. Wasu sukan sare a hanya, ba a bin su. Wanda ya kai ranar karɓa ya riga ya san fuskoki da yawa, yana da aikin da ake jiransa a kai. Kuma rukuni-rukuni ake karɓarsu, kowa da sa'o'in shigarsa.

Wasu daga tsofaffin mambobi ba su ji daɗin hayaniyar ba da farko. Amma sababbi sun yi ta shigowa har suka rinjaye su a ƙuri'a, kuma kowace shekara masu shiga sun fi masu mutuwa da masu fita.

Ƙoƙarin yaɗa abin a jiha, 2010 zuwa 2019

A watan Disamba na 2010 alƙalin da wasu manyan mambobi biyu suka kafa wani rukuni na masu neman sauyi a cikin ƙungiyar, ba su da manufa sai ta ƙara mambobi. Shugabannin jiha ba su yi maraba da su ba da farko, wasu na ganin tawaye ne. Cikin 'yan shekaru rukunin ya yi ƙarfi, a 2015 aka zaɓi alƙalin shugaban ƙungiyar na jihar baki ɗaya.

A nan takaicin ya fi fitowa. Kujerar ta shekara ɗaya ce, kafin mutum ya gama zagaya rassa wa'adinsa ya ƙare, na bayansa ya zo da nasa taken. Kuma shugaban jiha ba ya karɓar mamba, reshe ne kaɗai ke karɓa. Ana iya ba reshe shawara, a ba shi tallafin kuɗi, a kai masa misali, amma in mutum bakwai ɗin da ke riƙe da mabuɗi ba su so, magana ta ƙare. Akwai rassan da suka yi shekaru ba su karɓi ko mutum ɗaya ba. Masu neman sauyi sun riƙa nuna cewa jimillar jihar na ɓoye gaskiya: 'yan rassa kaɗan manya ne ke ɗauke da kaso mai yawa na mambobi, mafi yawan sauran ƙanana ne, kuma sunan da ke littafi ya ninka wanda ke zuwa taro sau da yawa. Reshen da ya tsallake tsara guda bai ɗauki kowa ba, ranar da ma'aji da sakatare suka kwanta ciwo a shekara ɗaya ya gama.

Su ma dattawan suna da abin faɗa, kuma ba duka taurin kai ba ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana share zaure, ya ɗauki gawar 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, ana ce masa ya miƙa mabuɗi da littafin banki ga waɗanda suka zo jiya. Wasu rassan suna zaune a kan gine-ginen miliyoyin daloli, kuma a reshe mai mutum takwas baƙi tara sun isa su kwashe komai da ƙuri'a. Wasu kuma suka ce abin da ake yi a garin jami'ar ya zama kulob ɗin shaƙatawa da ya ari sunan Odd Fellows, mutum ya shiga don kiɗa bai iya ko jimla ɗaya ta littafi da ka ba. Tsoron na farko yana da tushe. Zargin na biyu har yau ana jayayya a kansa a tarukan shekara.

Duk da haka wasu rassan sun ɗauki darasin, kowanne da irin nasa salo. A rabin ƙarshe na shekarun 2010 an samu shekarun da jimillar Kalifoniya ta ɗan ɗaga sama maimakon sauka, abin da aka daɗe ba a gani ba. Ƙaruwar ƙanƙanuwa ce, kuma rassa sun ci gaba da rufewa a cikinta.

Gwajin korona, 2020

A watan Maris na 2020 jihar ta ba da umarnin zaman gida. Reshen da ya gina kansa a kan cin abinci tare da cika zaure ya rasa duka biyun a mako guda, kuɗin hayar zaure ma ya tsaya. Taruka suka koma ta bidiyo a intanet. A ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween, wani kwamiti ya shirya hawan keke a hanyar keke mai kimanin kilomita 19 da ta kewaye garin, mahaya da masu tsayuwa a gefen hanya duk cikin shigar fatalwa, kowa nesa da kowa a sarari. Garin dama na masu keke ne. Jama'a suka fito, kuɗin da aka tara aka ba masu haɗa wa yara naƙasassu keke mai ƙafa uku, abin kuma ya zama na kowace shekara. Reshen ya fita daga annobar bai ragu ba. Ƙananan rassa da yawa, waɗanda mambobinsu tsofaffi ne da ba su saba da kwamfuta ba, watanni suka yi ba taro, wasunsu ba su sake buɗewa ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Magungunan farko duka sun ɗauka cewa matsalar ƙofa ce, wato an hana wasu shiga, ko shiga ta yi tsada, ko ba a gayyata ba. Shi ya sa aka yi ta faɗaɗa ƙofar. Amma abin da ya kawo kakanninsu, kuɗin jinya da na binnewa, ya bar ɗakin tun kafin 1965, ba a kuma sa wani abu a gurbinsa ba. Bikin karɓa da kalmar sirri an ƙirƙire su ne don su tsare wata amfana, da amfanar ta tafi sai aka zauna ana gadin fanko. Reshen garin jami'ar ya gano buƙatar da mutanen garinsa ke da ita yanzu, wadda inshora ba ta biya: mutum ya samu inda aka san sunansa, ya kuma yi wani abin da zai ga amfaninsa a unguwarsu. Umarnin nan huɗu bai canza ba, yaran da hukuma ta sallama su ne marayun wannan zamani.

A ganina bingo da kiɗa da hawan keke ba su ne sirrin ba. A biranen Dallas da Seattle an samu rassan da suka farfaɗo ta wata hanya dabam, masu zane da makaɗa ne suka shigo saboda sha'awar tsofaffin alamomin da al'adun da wasu ke cewa su ke korar matasa. Abin da ya haɗa su da reshen garin jami'ar shi ne an bar sabon shiga ya riƙe wani abu tun yana sabo. Tsawaita lokacin jira kuma shi ya amsa tsoron dattawa, domin wanda aka yi watanni ana gani ba baƙo ba ne ranar da zai jefa ƙuri'a.

Sai dai a yi hattara wajen ɗaukar wannan a matsayin abin da kowa zai iya. Reshen yana da gini a tsakiyar gari da kuɗin haya. Garin na masu ilimi ne da rufin asiri, masu lokacin aikin sa kai, kuma jama'arsa ba raguwa suke ba. Ya kuma samu mutumin da ya shekara ashirin yana neman ƙuri'a gida-gida a garin kafin ya shigo. Reshen da ke tsohon garin haƙar zinariya mai mutum dubu biyu, wanda samarinsa suka tafi birni, ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun, kuma rashin adalci ne a ce lalaci ne ya kashe shi. Zargin cewa al'adun ƙungiya sun yi rauni a babban reshen shi ma ba a kore shi ba: cikin mutum fiye da 300, waɗanda suka damu da hawa matakan ƙungiya na gaba tsiraru ne. Kuma tunda mafi yawan ci gaban ya faru ne mutumin da ya fara shi yana tsaye a kai, ba a riga an ga yadda kwamitoci 50 za su yi ba ranar da babu wanda zai ɗaga waya ya sasanta shugabanninsu.